Babi na 6: An Taɓa Kai Ta Kware, To Wa Zai Riƙe Yaron?

Idan aure ya mutu, kuma uwar 'ya'ya ta taɓa samun taɓin hankali, shin kotu za ta karɓe yaran ta miƙa wa uba? Tambaya ce da ake yi ƙasa-ƙasa a zauruka da ɗakunan mata, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi. Yawancin masu yin ta sun riga sun yanke amsa a ransu: ai wadda aka taɓa kaiwa Kware ba ta da bakin magana. Kware dai gari ne a arewacin birnin Sakkwato, inda asibitin gwamnatin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa yake, kuma a bakin mutanenmu sunan garin kaɗai ya isa ya rufe wa mace baki a gaban dangin miji.

Amsar da ke cikin littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su ta fi wannan tausayi, ta kuma fi shi tsari. Za mu bi ta daki-daki.

Riƙo na wa ne tun farko?

Sai mun fara kawar da wani kuskure da ya zauna daram a ƙasar Hausa. Al'ada ta ce ɗa na uba ne: da an yaye shi, ko ya ɗan tasa, sai a aiko a ɗauke shi. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Sakkwato suke aiki da shi, bai ce haka ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Shaihu Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim, hadana, wato riƙon yaro da renonsa, haƙƙin uwa ne bayan saki. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Abin da ke kan uba shi ne ci da sha da sutura da magani da karatu, da sa ido kan tarbiyya.

Ke nan, uban da ya je kotu yana cewa matar ba ta da lafiya, ba kayansa ya je karɓa ba. Yana neman a cire wani haƙƙi ne daga hannun mai shi, kuma shari'a ba ta yin haka sai da dalili tabbatacce.

Irin wannan ƙara tana farawa ne a kotun shari'a ta ƙasa. Wanda bai gamsu ba yana iya hawa zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wannan kotu hurumi kan aure da riƙon yara, har ma ya ambaci al'amarin Musulmin da hankalinsa ya taɓu. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, Babbar Kotun Jiha ce tasu, kuma sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ce maslahar yaro ita ce kan gaba da komai.

Sharaɗin hankali

Gaskiya ne, malamai sun gindaya wa mai riƙo sharuɗɗa, kuma hankali ne na farkonsu. Sai iya ɗawainiya, da amana, da amintaccen wurin zama, da kuɓuta daga cutar da za ta illata yaro. Dalilin a fili yake. Wanda shi kansa yake bukatar a tsare shi daga wuta da rijiya ba za a danƙa masa jariri ba.

Wasu masu sharhi sun tsananta. Shaihu Ahmad Dardir na Masar, wanda ya rasu a 1786, ya bayyana a sharhinsa na Mukhtasar cewa mai hauka ba shi da riƙo ko da yana dawowa hayyacinsa lokaci-lokaci. Malaman Shafi'iyya sun ɗan sassauta, suka ce idan abin ba ya zuwa sai nadiran, kamar yini guda a shekara, ba ya zubar da haƙƙi.

Ba daidai ba ne a ɓoye wannan tsanani, domin lauya ko malamin da ke bayan uba zai kawo shi. Amma a dubi zamanin da aka rubuta shi. Sai a 1952 aka fara amfani da maganin farko mai kwantar da irin wannan ciwo, a wani asibiti a birnin Faris. Kafin nan, mai ciwon da ke tashi yana kwantawa ba shi da wani abin da zai riƙe shi. Yau lafiya, gobe ba wanda ya sani. Malamai sun yi hukunci ne a kan wannan rashin tabbas, don kare yaro. Matar da ta shekara uku tana shan maganinta, tana zuwa ganin likita, tana dafa abinci, tana saƙar tabarma ko suyar ƙosai, tana kai 'ya'yanta makarantar allo, ba ita ce wadda Dardir yake nufi ba. Matsayinta ya fi kusa da na mai ciwon sukari da ke kiyaye allurarsa: ciwon yana nan, amma bai hana shi riƙe gidansa ba. A ganina, alƙalin da ya bambance waɗannan biyun bai saɓa wa littafi ba. Manufar littafin ya bi.

Ba ciwo ɗaya ba ne

A nan ne aka fi zaluntar mata, domin ana tattara cututtuka mabambanta a yi musu hukunci ɗaya.

Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wato idan masu jego biyar suka zauna a layin rigakafi a asibitin Tambuwal, ba abin mamaki ba ne ɗaya tana ɗauke da shi. Za ka gan ta an ajiye mata kunun kanwa ya huce bai taɓu ba. Dare ya raba, jariri ya yi barci, ita idonta biyu. Tana kuka ba ta san dalili ba, tana jin kamar ba ta isa uwa ba. Amma ta san ɗanta, tana ba shi nono, tana jin motsinsa tun kafin ya yi kuka. Wannan mace hankalinta yana nan. Taimako take bukata, da barci, da mai saurarenta, wani lokaci da magani.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani, mai zuwa farat ɗaya, galibi cikin makonni biyu na farko bayan haihuwa. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Sai ta daina barci gaba ɗaya, ta riƙa surutai, ta ji muryoyin da ba wanda yake ji, ko ta ce an canja mata jariri. Wannan na gaggawa ne, kuma a kwanakin nan ba a barin ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya. Sai dai abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yana cikin cututtukan da suka fi jin magani. Mata da yawa suna warkewa sarai cikin makonni ko watanni, ko da yake yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka ake son likita ya san da cikin tun da wuri.

Sannan ga cututtuka masu daɗewa, waɗanda suke lafawa da magani su tashi idan an bari. Ga farfaɗiya, wadda ba taɓin hankali ba ce ko kaɗan, amma ake jefa ta cikin lissafi. Ga kuma firgicin da ya zama ruwan dare a ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara, inda hare-haren 'yan bindiga suka taɓa. Matar da ta kwana a daji da goyo a baya, ta ga abin da ta gani, idan ta ji ƙarar babur ta zabura, ba mahaukaciya ba ce. Sau da yawa ma ita ce ta tsamo yaran da ransu.

A gaban alƙali

Mu ɗauki misali. Wata mata daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe ta haihu na biyu, ciwon nan mai zuwa farat ɗaya ya kama ta. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga baya wanta ya ɗauki shatar mota aka kai ta Kware. Ta yi 'yan makonni aka sallame ta. Kafin shekara ta zagayo aure ya mutu, ta koma gidan iyayenta da yara biyu. Sai ga sammaci.

Tsohon mijin ya durƙusa ya ce: "Allah shi gafarta Malam, matag ga ba ta da lahiya. Har Kware an kai ta, kowa ya sani. Ni ba ni barin ɗiyana hannunta."

Ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa. Cewa an taɓa kai ta asibiti labarin jiya ne. Abin da alƙali yake bukatar sani na yau ne. Wa yake yi wa yaran wanka? Sun rame ko sun yi ɓul-ɓul? Akwai ranar da ta bar su cikin haɗari, kuma wa ya gani da idonsa? Tana shan magani? Wa ke tare da ita a gidan? Shaidun da suka dace su ne maƙwabtan da suke shiga gidan, da malamin makarantar yaran, da ma'aikaciyar asibitin da take ganinta, ba 'yan uwan miji da rabonsu da ita tun ranar da ta fita ba.

Akwai wani tarko da ya kamata duk mai zama a kotu ya sani. Wasu tsofaffin magunguna, irin su haloperidol, waɗanda aka fi bayarwa saboda arha, suna sa jiki ya sanƙare, hannu ya riƙa rawa, fuska ta zama kamar ba walwala, wani lokaci har miyau ya zubo. Ga mace a tsugune cikin hijabi, maza sun cika ɗaki, tsohon miji yana faɗin sirrinta, magana tana fito mata a hankali. Mai kallo sai ya ce ga hujja nan a fili. Alhali abin da yake gani aikin magani ne da tsoro, kuma likita yana iya rage shi ko ya canja wani.

Shi ya sa maganar likita take da nauyi. Fiƙihu tun asali ya yarda alƙali ya koma ga masana a abin da ba fanninsa ba, kamar yadda ake tambayar ungozoma a sha'anin mata. Kotu tana iya neman rahoto daga Kware ko daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Rahoto mai amfani ba wanda zai ce "tana da ciwo kaza" ya yi shiru ba ne. Ya kamata ya faɗi halin da take ciki yanzu, da yadda take bin magani, da ko akwai haɗari ga yaro, da irin tallafin da zai wadatar.

Amma samun wannan takarda ba wasa ba ne. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka, sannan a wuce gaba zuwa Kware. Kuɗin mota na mutum biyu, da na kati, da na magani, duk a wuyan bazawarar da ba ta da ko sisi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Don haka alƙali mai adalci ba zai ɗauki rashin takarda a hannunta a matsayin amsa laifi ba. Zai ɗage zama, ya ba ta lokaci. Kafin ya yanke hukunci kuma akwai i'izari, inda zai tambaye ta ko tana da sauran magana ko hujja. Kada ta yi shiru a wannan gaɓa saboda kunya. Idan bakinta ya yi nauyi, waliyyinta ko wakilinta ya yi magana.

Katin asibiti da kwalin magani, da wasu suke ɗagawa a kotu don tozarta ta, ni a wurina shaida ce a gare ta. Suna nuna macen da ta san tana da larura kuma ta tashi tsaye a kanta.

Idan riƙo ya faɗi, ina yaro zai nufa?

A ce ciwon ya tabbata, kuma a halin yanzu ba za ta iya ba. Nan ma ba hannun uba yaro zai fara faɗawa ba. Jerin da Mukhtasar ya kawo ya fara ne da kaka ta wajen uwa, sai kakar uwar, sai 'yar uwar uwa, yaya ko ƙanwa. Bayan an ƙare da ɓangaren uwa ake zuwa ga kaka ta wajen uba, sannan uban kansa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya taɓa ɗaukar ɗansa Asim a Ƙuba bayan ya rabu da uwar yaron, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya yanke a bar mata yaron. Umar bai ja ba.

Akwai wata gaɓa mai sarƙaƙiya a nan. Mukhtasar ya sharɗanta cewa kakar ta kasance ba gida ɗaya take zaune da uwar da riƙonta ya faɗi ba, ko da yake akwai malaman mazhabar da ba su ɗauki wannan sharaɗi ba. To a ƙasarmu ina mara lafiya za ta tafi in ba ɗakin uwarta ba? Idan aka bi sharaɗin ido rufe, sai a hukunta tsohuwa saboda ta yi jinyar 'yarta. Abin dubawa shi ne haɗari. Idan ciwon ya kai ga tana iya cutar da yaro, a raba musu wurin kwana, ko ya koma wurin 'yar uwar uwarsa a wani gida. Idan bai kai haka ba, zaman yaro a hannun kaka, uwarsa tana ganinsa safe da yamma, shi ne mafi alheri ga su biyun. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa masu wannan larura suna samun sauƙi idan suna jinya a cikin ƙauye tare da danginsu. A Ingila kuwa akwai ɗakunan asibiti na musamman da ake kwantar da uwa tare da jaririnta, don kada jinya ta yanke shaƙuwa.

Idan ta warke

Wannan ita ce gaɓar da na fi so kowace uwa da kowane waliyyi su riƙe. A Malikiyya, matar da ta yi sabon aure riƙo ya faɗi, ko ta sarayar da shi da kanta ba uzuri, ba ya dawo mata. Amma wadda ta rasa shi saboda uzuri irin na rashin lafiya, da zarar uzurin ya gushe haƙƙinta yana dawowa. Masu sharhi sun ƙara da iyaka biyu: kada ta yi shiru har kimanin shekara bayan ta warke, kuma kada ya zama yaron ya shaƙu da mai riƙonsa har ɗauke shi zai zame masa cuta.

Saboda haka abu biyu suke da muhimmanci. Na ɗaya, ranar da za a karɓi yaro, a tabbata an rubuta a kundin kotu cewa saboda jinya ne, ba sarayarwa ba. Mata da yawa ana lallashinsu da "ki bari kawai a zauna lafiya", su amsa da baki, daga baya a ce ai da kanta ta bayar. Na biyu, kada a yanke ziyara. Dangin da suka hana uwa ganin ɗanta wata da watanni, sannan suka zo kotu suna cewa yaro bai san ta ba, su suka ƙirƙiri hujjar da hannunsu, kuma ya kamata alƙali ya gane haka.

Idan uban ne fa?

Ba kasafai ake yin wannan tambaya ba, alhali sharaɗin hankali da amana bai ware namiji ba. Uban da ciwo ya kama, ko wanda tiramadol da wiwi suka birkita, ba shi da riƙo, kuma ko lafiyarsa ƙalau sai yana da macen da za ta yi renon, mata ko uwa ko 'yar uwa. Idan hankalinsa ya gushe, walicci kan yaro yana barin hannunsa, amma ciyarwa ba ta faɗuwa muddin yana da dukiya. Daga gonarsa ko dabbobinsa za a fitar. Shi ma kuma yana da irin rangwamen da muka nema wa uwa. Ko a batun raba aure saboda haukar miji, malamai sun ce a ba shi shekara guda ya nemi magani kafin a yanke.

Abin da tsoro yake jawowa

A 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara ta Jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali daga zamanin Turawa, ta kuma hana nuna wa masu larurar bambanci. Dokokin suna nan a takarda. Abin da yake mulki a tsakar gida har yanzu tsoro ne.

Uwa tana ganin 'yarta mai jego ta kwana huɗu ba barci, ta san ba lafiya ba, amma sai ta ja labule ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Tana tsoron idan aka ji an je asibitin ƙwaƙwalwa, gobe dangin miji za su kafa hujja da shi. Sai a yi ta jiƙe-jiƙe a ɓoye har ciwon da mako uku zai kwantar ya shekara. A ƙarshe abin da ake gudu shi ke faruwa, domin matar da ba ta sami magani ba ita ce da gaske take kasa riƙon yaro. Duk hukuncin da ya karɓe ɗa don kawai an taɓa zuwa Kware, labarinsa yana zaga ƙauyuka goma, ya hana wasu mata goma zuwa asibiti. Duk hukuncin da ya ce a bar mata ɗanta tunda tana shan magani, shi ma yana zagawa.

Sai dai maganin da muke ta cewa ta riƙe, da kuɗi ake sayensa, kuma kakar da aka danƙa wa jikoki biyu ba da iska za ta ciyar da su ba. Nawa ne a kan uba a wata, yaya alƙali yake ƙiyasta shi a shekarar da hatsi ya yi tsada, kuma me kotu za ta iya yi wa wanda ya ce in dai ba a ba shi yara ba ko ƙwayar gero ba zai aika ba? Wannan shi ne batun babi na gaba.